Ba kwamfuta ka saya ba, ɗakin haya ka kama

Kai da ka tura kuɗi ta WhatsApp aka ce an ba ka "saba taka kai kaɗai a Amurka", matso mu yi magana. Shekaranjiya wani ya kawo min wayarsa shago, wai ta lalace, in ya shiga VPS ɗinsa sai tafiyar hawainiya. Na gwada, wayar lafiyarta ƙalau. Ciwon yana can inda ya biya kuɗi.

A cibiyar ajiyar bayanai ana samun ƙatuwar kwamfuta guda, a ɗora mata manhajar da ake kira haifabaiza. Aikinta ta yayyanka furosesa da ram da ma'aji kashi-kashi, kowane kashi ya tashi da nasa Windows ko Linux kamar kwamfuta mai zaman kanta. Windows Server yana da Hyper-V tun 2008, Linux yana da KVM tun 2007, wanda Red Hat ke aiki da shi, ga kuma ESXi na VMware. Fasahar ba ta da laifi, IBM ta fara ta tun shekarun 1960, manyan kamfanoni ma da ita suke rage kashe kuɗi a kan inji da wuta.

Laifin na mai tallan ne. Haifabaiza tana yarda a yi wa masu haya alkawarin ram da furosesa fiye da abin da injin yake da shi, bisa zaton ba kowa zai buƙata lokaci guda ba. Mai son banza sai ya cika gidan maƙil. In kowa ya hau, kai sai ka zagi wayarka, ka zagi netwok, ka zo ka zage ni.

Abin da ya fi damuna ma ba jinkirin ba ne. Wanda ke riƙe da babban injin zai iya kwafe ma'ajinka gaba ɗaya ba ka sani ba. Amma haka za ka buɗe Gmail a ciki, ka ajiye kalmomi 12 na walat ɗinka a Notepad. Haba malam!

Kar ka yarda da ni, gwada. Shiga sabar, buɗe Task Manager, taɓa Performance, sannan CPU. In ka ga "Virtual machine: Yes", to kana da maƙwabta. Ɗauki hoton wurin ka tura wa wanda ya sayar maka, ka tambaye shi mutum nawa ne a gidan.