A ba masu tallafa wa 'yan sanda diyya bisa doka

Tun daga Oktoba 2023, lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jihar Katsina, nauyin kare ƙauyuka ya ƙara komawa wuyan waɗanda ba sa cikin rundunar 'yan sanda. A ƙaramar hukumar Matazu, waɗannan su ne 'yan banga da direbobi da masu nuna hanyar daji, kuma harsashin ɗan bindiga ba ya tambayar takardar ɗaukar aiki. Matsayin wannan jarida shi ne duk wanda hukuma ta tura aikin tsaro ya cancanci diyya idan ya ji rauni ko ya rasu.

Kuɗin ta'aziyya alheri ne, amma yau akwai, gobe babu, marayu kuwa kullum sai sun ci. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Ɗan bangan da ake sallama da ɗan alawus, ba takarda, iyalinsa za su sha wuya kafin su tabbatar da haƙƙinsa. Gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Matazu su rubuta sunan kowa, su ba shi takarda, su biya masa wannan kaso. Majalisar Dokokin Katsina kuma ta ƙayyade wa'adin biyan magada.