Wa Ya Ce Motsa Jiki Fitsara Ne?

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, kuma wanda tsuntsu ya ja wa ruwa shi ruwa kan doka.

Abin da ya tunzura ni shi ne, kwanakin baya na je duba wata yayata da ke aure a Gwaram, na tarar da ita kwance, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace, ko cokali ba ta iya riƙewa. Mace ce da ba ta cika shekara 45 ba. Da aka kai ta asibitin tarayya na Birnin Kudu aka auna, sai aka ce hawan jini ne ya daɗe a jikinta ba ta sani ba, ga kuma ciwon suga. Ina zaune a gefen gadonta sai na tuna ranar da ta tashi tana ɗan zagaya tsakar gida da sauri saboda nauyin da take ji a jikinta, uwar mijinta ta leƙo ta ce, “Ke kuwa lafiyarki? Ko aljanu ne suka taɓa ki?” Facalolinta suka sa dariya. Tun daga ranar ba ta sake ba. Yanzu masu dariyar su ne ke zuwa da kwanon kunu suna cewa sannu, Allah ya sawwaƙe.

Haba jama'a! Yaushe zama wuri ɗaya ya zama kunya da mutunci? Ku dubi kakanninmu. Kafin hantsi ya dubi ludayi mace ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta ja guga sau ashirin a rijiya, ta ɗauko tulu a ka. Wadda ta yi lugude da taɓarya ita da abokiyar zamanta, wace gaɓa ce a jikinta ba ta motsa ba? Su ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu gaba ɗaya motsi ce. Mu kuwa injin niƙa ya zo, ɗan garuwa yana kawo ruwa har bakin randa, ɗan acaɓa yana jira a ƙofar gida ko da gidan maƙwabta za a je barka. Ba na cewa mu koma wahalar da Allah ya yaye mana, ni ma ba na son ta. Amma aikin ya tafi, tuwon da man da magin suna nan, har mun ƙara da lemon kwalba. Mun zauna a kan katifa daga fim sai waya. Ina kitsen zai je?

Wani abin takaicin ma shi ne masu neman ƙibar da kuɗinsu. Yarinya an sa mata ranar aure, ƙawaye su kawo mata ƙwayoyin sha-ka-fashe, wai don ta cika ido. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magunguna ne masu ƙarfi irin su Dexamethasone, waɗanda likita ke bayarwa don cuta ta musamman. In aka ɗauki lokaci ana sha ba bisa ƙa'ida ba suna kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su hau da jini da suga, su raunana ƙashi. Kumburi ne fa, ƙanwata, ba ƙiba ba. Za ki cika ido wata shida, ki cika gadon asibiti shekara shida.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai wannan ɗabi'ar Turawa ce, ba ta dace da 'yar Musulmi ba. To, ga amsa. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Uwar Muminai Nana A'isha (RA), ta tsere masa, daga baya da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi kuma ya tsere mata. Maigida, kai da kake haɗe rai don ka tarar da matarka tana tsallen igiya a ɗakinta, ka fi shi kishi ne, ko ka fi shi sanin mutunci? Kai da safe ka tafi gona, da la'asar ka tafi filin ƙwallo, ita kuwa ka ce ta zauna kamar tukunya a kan murhu. In ta kwanta ciwo, kuɗin magani daga aljihunka zai fito, in ma ba ka ce za ka ƙara aure ba ke nan saboda wai ta tsufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2020 cewa babban mutum, mace ko namiji, yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan yi sama, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Ki raba 150 gida biyar, minti 30 ne kacal a rana. Bai kai tsawon hirar da muke yi a kan ankon bikin wance ba. Kuma ba sai kin fita waje ba. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ki zagaya tsakar gida da sauri minti goma. Ki zauna a kujera ki miƙe sau goma, ki huta, ki sake. Ki dafa bango da hannu biyu ki matsa ki ture. Ki cika gorar ruwa biyu ki riƙa ɗagawa sama kina saukewa. Ki fara da kaɗan, ki sha ruwa. Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa aiki, da mai hawan jini, su fara tambayar ma'aikaciyar asibiti abin da ya dace da su. Wadda kuma ta ji jiri ko ciwon ƙirji ta tsaya nan take, ta je a duba ta.

Sai rawa. Da an ce rawa sai a zaro ido, kamar ba mu muka tashi muna gaɗa a dandali da farin wata ba. Kamar ba iyayenmu ke kifa ƙwarya a ruwa ranar suna su cashe a cikin gida, babu namiji ko ɗaya ba. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta yi suna, kuma mata ne jama'arta. Ni ban ce ki fita titi ko ki ɗauki kanki a waya ki watsa wa duniya ba, wannan daban. Na ce ki rufe ƙofa, ke da 'ya'yanki mata ko ke da abokiyar zamanki, ku taka har gumi ya zubo. Wallahi ko gabar da ke tsakani sai ta ragu.

Na bar keke a ƙarshe don na san nan ne za a fi jifana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya gagari talaka. Yarinyar ƙauye da makarantarta ke da nisa, in babu kuɗin acaɓa sai zaman gida, ƙaninta kuwa ya haye keke ya tafi. Me ya sa ƙafarsa ta halatta a kan feda tata ta haramta? A Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso mata manya da goyonsu suna tuƙa keke zuwa kasuwa, babu mai waiwayensu. A jihar Bihar ta Indiya, ƙasar da muke kwana kallon finafinanta, gwamnati ta fara bai wa 'yanmata kuɗin sayen keke a 2006, kuma masu shiga sakandare suka ƙaru ƙwarai. Mun kwaikwayi waƙarsu da adonsu, wannan ne ba za mu kwaikwaya ba?

Amma fa a yi da hankali. A saya mata keken mata, mara sandar tsakiya. Ta sa wando a ƙarƙashin riga, ta tattare hijabi ta danne shi, domin in leɓensa ya shiga kaca ko tsakanin wayoyin taya zai fizgo ta ƙasa ta wuya. A duba birki da ƙararrawa kullum. Ta riƙe hannun dama, ta bi hanyar cikin gari da ta gona, ta bar wa tireloli babban titi, musamman ranar kasuwa. Su tafi su biyu ko uku, kuma kada magariba ta same su a hanya.

Yayata tana nan tana koyon tafiya da sanda, ana ɗaga mata hannu ana saukewa, wato motsa jikin da aka yi mata dariya a kansa shi ne yanzu aka rubuta mata a matsayin magani. Gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ki je a auna jininki ko ba kya jin komai, sannan gobe da asuba ki tashi ki zagaya tsakar gidanki. Mai dariya ya yi ta yi, ba shi zai ɗauke miki fo ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Wassalam, taku har kullum.