Kafin a shafa fenti, a tsaya a karanta ƙarfen



Yau maganar tsohon jirgin ƙasa muka kawo, wanda ya daina tafiya tun 1957. Kuma faɗa muka zo yi da mutum biyu: mai guduma da mai burushin fenti. Mai guduma shi ne ɗan gwangwan da ke sare tsohon ƙarfe ya sayar a kilo. Mai burushi kuwa da sunan gyara yake zuwa, ya lulluɓe komai da fenti mai ƙyalli, manya su zo a ɗauki hoto, a tafa, a watse. A wurinmu ɓarnarsu ɗaya ce. Ta mai fentin ma ta fi ciwo, don shi har godiya ake yi masa.

Ga layin da muke nufi. Turawan Ingila sun shimfiɗa wani ɗan siririn dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, tsawon kimanin kilomita 230, suka buɗe shi kashi-kashi tsakanin 1912 da 1914. Sunansa Bauchi Light Railway. Dalilin gina shi kuza ce, wadda kafin nan a ka ƴan dako ke saukowa da ita daga tsaunukan Jos. A 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, ya kwashe masa kaya, ƙaramin ya yi ta jan jiki har aka rufe shi a 1957. Abin da ya rage sai ƴan kawunan jirgi da taragai, wasu suna ajiye a harabar gidan tarihi na Jos.

Ku lura da sunan kansa. Ana ce masa layin Bauchi, alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin, tsaunukan Jos suna cikin lardin Bauchi ne, shi ya sa. To idan suna kaɗai zai iya ɓatar da mutum haka, ina ga wanda ya tarar da tarago ya yi tsatsa, ya ce shi daga kallo ya san asalinsa?

Mu nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. Wa zai sayi raƙumi a kasuwar Abalak bai duba shaidar wutar da ke jikinsa ba? Dattawanmu daga tsagar fuska suke gane Bagobiri da Ba'are tun bai buɗe baki ba. Haka jirgin ƙasa yake, shi ma da tsagarsa. Sai dai a samu mai haƙurin karantawa.

Shaida ta farko faɗin dogo ne, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu da jirgi ke takawa. Na Zariya zuwa Jos milimita 762 ne. Tsohon babban dogon Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, milimita 1067 ne. Na Kwatano zuwa Parakou mita ɗaya cif. Sabon na Kano zuwa Maraɗi milimita 1435. Ashe da mitar tela kaɗai, ka auna tsakanin ƙafafun tarago, ka riga ka rage rabin gardama.

Ta biyu ita ce farantin maƙera. Kowane kan jirgi yana fitowa daga masana'anta da ɗan faranti, galibi na tagulla, ɗauke da sunan kamfani, gari, shekara da lambar ƙira. Wannan lamba ita ce takardar haihuwarsa, kuma daban take da lambar da hukumar jirgi ke rubuta masa a jiki, wadda ake iya canzawa ko yaushe. Farantin nan shi ɓarawo ke fara ɓallewa, don tagulla ta fi baƙin ƙarfe kuɗi. Amma maƙeran sukan buga lambar a kan wasu sassan injin, kamar sandunan da ke juya ƙafafu. Mai haƙuri zai same ta ƙarƙashin tsatsa. Mai gaggawa zai bi ta da injin gurza ya share ta har abada.

Ta uku tana jikin dogon kansa. A gefen kowane ƙarfe akan fitar da sunan masana'anta da shekarar da aka yi shi. Murafan gatarin ƙafafun tarago ma sau da yawa suna ɗauke da haruffan kamfanin da ya mallake su.

Ta huɗu, wadda aka fi wulaƙantawa, tsohon fenti ne. Fenti hawa-hawa yake, kowane hawa zamani guda. Masu aikin na gaskiya ɗan wuri kaɗan suke kankarewa da reza, sannu-sannu, har su ga launin farko. Su haska tocila daga gefe da dare, sai inuwar tsofaffin haruffa ta fito. Su ɗora takarda su goga fensir, su ɗauki hoto da ma'auni a gefe, su rubuta komai, sannan su gwada da tsofaffin hotuna da takardun zamanin Turawa irin waɗanda ke ajiye a ma'adanar tarihi ta Kaduna. Sai bayan duk wannan ake buɗe gwangwanin fenti.

Me ya sa wahalar nan duka? Saboda ƙarfe ɗaya yana iya yin rayuwa biyu ko uku. Kafin layin Jos, akwai wani ɗan dogo mai faɗi iri ɗaya a wajen Zungeru da Wushishi, wanda aka buɗe a 1901, da kawunan jirgi ƙirar kamfanin Hunslet na garin Leeds. Da aka daina amfani da shi, kayansa aka kwasa aka kai aikin layin Jos. Sannan hukumar kanta ta sauya suna: Nigerian Railway daga 1912, Nigerian Railway Corporation daga 1955. To mai burushi, wane suna za ka rubuta? Na wace shekara? In ba ka bincika ba, ƙarya za ka rubuta da fenti mai tsada, yaran makaranta su zo su kwafe ta a littafi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Mun san abin da wasu za su ce: kayan Nasara ne, kayan mulkin mallaka, a bar tsatsa ta cinye su. Haba jama'a! Nasara ya zana taswira, amma wa ya fasa dutse? Wa ya ɗauki ƙasa a kwando? Wa ya haƙo kuzar? Talakawa ne, har da waɗanda aka kwasa aikin tilas a ma'adinan Jos tsakanin 1942 da 1944. Mafi yawansu ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Ƙarfen nan yana cikin ƴan shaidun da suka rage na guminsu. Wanda ke son ya tuhumi mulkin mallaka bai kamata ya narkar da hujjarsa ba.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta lambar tarago? Gaskiya ne, ciki ya fi komai. Amma abin da muke nema bai kai kuɗin fentin ba. Waya mai kyamara, mitar awo, fensir da littafi. Jahilcin ne ke cin kuɗi, don sai an saya fenti, an biya leburori, sannan a lalata abin.

Kada kuma mu ce wannan matsalar maƙwabta ce. Mu ma muna da namu. An buɗe tashar jirgi ta Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo mai faɗin mita ɗaya, kimanin kilomita 140 zuwa Dosso, aka gama a 2016, kuma bai zama hanyar fasinja da kaya da aka yi mana alkawari ba. Ko ana so ko ba a so, wannan ma tarihi ne. Rubutun da ke jikin waɗannan ƙarafa shi zai faɗa wa jikokinmu inda aka ƙera su da shekarar da aka ƙera su, ranar da ƴan siyasa za su ba da labari iri uku.

Don haka ga kiranmu. Hukumomin gidajen tarihi, na Jos ne ko na Boubou Hama a Yamai, kada a taɓa tsohon inji da burushi sai an rubuta duk shaidar da ke jikinsa. Masu sayen gwangwan, don Allah in faranti mai suna da lamba ya faɗo hannunku, ku ware shi gefe, kuɗin kilonsa ba zai azurta kowa ba. Matasa masu waya, in kun ga tsohon dogo ko tarago, ku ɗauki rubutun jikinsa kusa-kusa kafin ku ɗauki fuskarku. Dattawan da suka yi aikin reluwe kuwa, a je a zauna da su tun suna raye, don su ne suka san launin da hoto baƙi da fari ba zai nuna ba.

Allah ya sa mu gyara, kada mu ɓata. Sai mun ji daga gare ku.