Tafinta, Kada Ka Ɓoye Tiyatar Mama

Jama'a, mu 'ya'yan Panyu mu ne tafintan iyayenmu mata a asibiti, kuma kunya na cutar mu. Likita ya ga ɗigo-ɗigo a hoton huhun Mama, ya tambaya ko an taɓa yi mata tiyata, sai ka yi gum don maganar mahaifa ce. Haba! Ƙarin mahaifa ba kansa ba ne, amma jefi-jefi yakan bi jini ya sauka a huhu, ko da shekaru bayan an cire shi. Likita Steiner ya bayyana wannan tun 1939. Sinadarin estrojin ke ciyar da shi, maganinsa daban da na tarin fuka. Tambayi Mama shekarar tiyatar, ka gaya wa likita da Sinanci: zigong jiliu.