Jack Russell ba karen ado ba ne

1/ Abokina ya ga Jack Russell a TikTok, wai zai saya ya ajiye a ɗaki tunda ɗan mitsitsi ne. Na ce Malam, dubi jikinsa tukuna.

2/ Tsayi santimita 25 zuwa 30, nauyi kilo 5 zuwa 6. Ƙirjinsa matsattse ne don ya kutsa ramin yanyawa. Farin gashin kuma don mafarauta su bambanta shi da ita.

3/ Asalinsu Ingila ne, daga wata karya da John Russell ya saya a 1819 yana ɗalibi a Oxford. Farauta ce aikinsu fa.

4/ Kulle shi a ɗaki, katifarka zai tona. In ba ka da fili da lokacin gudu da shi kullum, wallahi haƙura kawai.