Ƙidayar sararin samaniya: Yadda lanƙwasar haske ke rikita lissafin masana

Duk wanda ya ɗaga kai da daddare a ƙauyukan Tsanyawa, inda hasken lantarki bai cika dusashe sama ba, zai ga taurari birjik. Bayan waɗannan akwai biliyoyin galaksi, wato manyan gungun taurari, kuma yanzu haka ƙidayarsu ake yi.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta harba na'urar hangen nesa ta Euclid ranar 1 ga Yulin 2023, domin ta zana taswirar kashi ɗaya cikin uku na sama. A watan Maris na 2025 ta fitar da bayanan galaksi miliyan 26. Cibiyar Vera Rubin da ke Chile ita ma ta saki hotunanta na farko a watan Yunin 2025, kuma za ta shafe shekara 10 tana aiki.

Sai dai abin da na'urorin ke gani ba daidai yake da abin da ke can ba.

Haske ba ya tafiya a miƙe

A 1915 Albert Einstein ya nuna cewa duk abu mai nauyi yana lanƙwasa hanyar hasken da ya gifta kusa da shi. An gwada maganar a kusa da Najeriya. Ranar 29 ga Mayun 1919, masanin Ingila Arthur Eddington ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, ya ga taurarin da ke gefen rana sun ɗan gusa daga mazauninsu.

Haka hasken galaksi mai nisa yake ratsa wasu abubuwa masu nauyi kafin ya iso duniya. Su kuma sai su yi masa aikin gilashin ƙara girma.

Ƙari da ragi a lokaci guda

A ɗauka manomi yana ƙirga tsiron gero ta cikin irin wannan gilashi. Ƙananan tsiron da ido bai kama ba za su fito, adadi ya ƙaru. Amma tazarar ramuka ma za ta buɗe, wanda hakan zai rage yawan tsiron da ke shiga ido a kallo ɗaya.

Abin da ke faruwa da galaksi ke nan. Masu dishi-dishi suna ƙara haske su shiga lissafi, filin da suke ciki kuma yana miƙewa su warwatsu. Wanda ya rinjaya ya danganta ne da yawan masu dishi-dishin da ke dab da iyakar ganin na'ura.

A 2005 shirin Sloan na Amurka ya auna wannan tasiri, ta hanyar kwatanta galaksi miliyan 13 da wasu cibiyoyi masu tsananin haske kusan 200,000 da ke can bayansu.

Me ya sa ake damuwa?

Da yadda galaksi suka taru ko suka bazu ne masana ke gane abin da aka gina sararin da shi. Abin da ake iya gani kusan kashi 5 ne cikin 100. Ɓoyayyen abu mai nauyi ya kai kashi 27, sauran 68 kuma wani ɓoyayyen ƙarfi ne da ke hanzarta faɗaɗar sararin.

A da, ƙidayar ba ta da yawa, kuskuren awo ya shanye wannan tasiri. Yanzu ma'auni ya yi kaifi. Wani bincike da masanan Euclid suka wallafa a 2022 ya nuna cewa yin watsi da shi zai karkatar da sakamakonsu. Tiyar da ta lotsa ba ta damun mai awo ɗaya, amma mai cika buhu dubu zai ji a jikinsa.

Lokacin ma ya zo da nauyi. A watan Maris na 2025 shirin DESI na Amurka ya ce akwai alamun ɓoyayyen ƙarfin yana raguwa, saɓanin yadda aka daɗe ana ɗauka. Bayanan Euclid da Rubin na cikin waɗanda za su raba gardamar, don haka karkata kaɗan na iya sa a yi shelar sabon binciken da babu shi.

Maganin shi ne a saka ƙarin girman cikin lissafi tun farko. Yin haka yana da riba biyu: ƙidaya ta daidaita, sannan lanƙwasar da kanta ta nuna inda ɓoyayyen abu mai nauyi yake.