Zauren Malam: Kafin Ka Sayi Hom Tiyata

 

A watan jiya wani ɗan'uwa ya tare ni bayan sujada, ya ce, "Malam, yara sun dame ni. Kullum da dare suna gidan maƙwabci wajen kallo, ba su dawowa sai mun gama addu'a. Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi talabijin da irin lasifikan nan da ake kira hom tiyata. Wanne ne mai kyau?" Na ce masa niyyarsa ta yi kyau, gama gara yaro ya yi kallo a gaban iyayensa da ya yi a inda ba su san abin da ake nuna masa ba. Amma na roƙe shi kada ya taɓa kuɗin tukuna sai ya ji abin da ya same ni.

Ana gab da Kirsimati a 2019 na shiga wani kanti. Na ga kwali ƙato, an rubuta 3000 W PMPO da manyan baƙaƙe. Lasifika biyar ne da babbarsu mai rugugi, wadda ake ce da ita wufa. Mai kanti ya murɗa, ƙirjina ya ɗauki rawa. Ban yi shawara da uwargida ba, na ba da rabin kuɗi, saura kuwa biya wata-wata. Da wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya zo gani, bai ko dubi kwalin ba. Ya juya akwatin, ya nuna mini 'yar takardar da aka manna a baya. Wutar da yake sha wat 60 ce kawai. Ya ce, "Malam, tulun da aka zuba wa ruwa kwano 60, yaya zai fid da kwano 3000?"

To, ku riƙe wannan. PMPO lissafin talla ne, kowane kamfani yana yinsa yadda ya ga dama. Lambar da za ku nema ita ce wadda aka rubuta RMS kusa da ita, wato ƙarfin da lasifika za ta iya bayarwa a kai a kai. Ga ɗakin zama mai ƙafa 12 kowane gefe, irin na yawancinmu, wat 40 zuwa 60 na RMS ya isa har ya yi yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lasifikan nan biyar ma ba su amfane ni ba. Irin wannan shiri shi ake kira 5.1: biyu a gaba, ɗaya a tsakiya domin magana, biyu a bayan mai kallo, sa'an nan wufa. An yi shi domin fim ɗin da aka rarraba sautinsa gida shida. Amma labaran duniya, da waƙoƙin zumuntar mata, da yawancin abin da muke sa wa a filashi, sautinsu gida biyu ne, dama da hagu. Na bayan sai su yi shiru, ko su maimaita abin da na gaba suke faɗi. Ga kuma waya ta ratsa ɗaki, autanmu ya yi tuntuɓe da ita sau biyu. Lasifika biyu da wufa ɗaya, wato 2.1, ko kuwa doguwar nan guda da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, sun fi araha, sun kuma fi dacewa da ɗakinmu. Mai zama a gidan haya ya tuna cewa rugugin wufa yana ratsa bango, maƙwabci kuwa yana da haƙƙin barcinsa.

Batun talabijin ba shi da wuya. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, inci 32 ko 43 ya ishi ƙaramin ɗaki. Kada ku ƙara kuɗi saboda an ce 4K ne, idan dikodarku ba ta kawo hoto irin wannan. Wanda ake kira simat kuwa, ba ya nuna gwanintarsa sai da intanet, intanet kuma kuɗi ne. Ku duba bayansa da bayan lasifikar, ku tabbata bakunansu sun dace. Idan dukansu suna da HDMI mai alamar ARC, waya ɗaya ta isa.

Ƙarshen nawa ya zo da damina. Aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi, muka ji ƙauri. Ban sayi sitabilaiza ba, ban kuma karɓi rasit ko takardar garanti ba. Abu ya mutu, ni kuwa ban gama biyan bashinsa ba, ga kuɗin makarantar yara ya zo. Uwargida ba ta ce mini uffan ba. Shirun nan ya fi mini zafi da faɗa.

A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi zancen mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Zancen bin sa yake yi, amma lissafin ya shafi kasuwa ma. Kuɗin da ke jikin kaya somin taɓi ne. Ku haɗa da sitabilaiza, da kuɗin dikoda na kowane wata, ko DStv ce, ko GOtv, ko StarTimes, sai dai in za ku kafa farantin tashoshin kyauta. Ku haɗa da man janareto, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya zama abin tsoro. Mai sola kuwa ya san kowane wat yana rage masa batir. In jimlar za ta taɓa zakka, ko abinci, ko kuɗin makaranta, a dakata. A yi adashi, a saya da kuɗi hannu.

Kayan hannu da ake kawowa daga waje ba laifi ba ne, amma a yi hankali. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. In an rubuta 100 zuwa 240 a baya, to, babu damuwa. In 120 kaɗai aka rubuta, ranar da aka jona shi ranar zai ƙone.

Ranar saye ku tafi tare da uwargida. Ku riƙe filashinku mai wa'azi ko waƙar da kuka sani sarai. Ku sa mai kanti ya rage murya ƙasa ƙasa, ku ji ko magana tana fita tsaf, gama kowace lasifika ta iya ihu. Ku zaga kanti uku kafin ku yi ciniki. A buɗe kwali a gabanku, a rubuta lambar kayan a kan rasit.

Ɗan'uwan nan ya sayi inci 32 da 2.1 da sitabilaiza, har da canji ya rage masa. Ran Asabar suka gayyace mu kallon fim ɗin Yesu, wanda aka yi a 1979, da Hausa. Ƙarfe tara na yi ya kashe, ya zare waya daga bango saboda hadari ya taso, yaran suka ɗauko Littafi Mai Tsarki.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.